Katsewar kallon bidiyo ta intanet a kan VPN

Katsewar kallon bidiyo ta intanet a kan VPN matsala ce da ke faruwa idan manhajar kallo, kamar Netflix, Hulu, Disney+, Prime Video ko BBC iPlayer, ta ƙi nuna fim ko shiri alhali na'urar mai kallo tana haɗe da VPN. Matsalar na zuwa ta siga daban-daban: wani lokaci saƙon gargaɗi ne ke fitowa, wani lokaci wasu fina-finai su ɓace daga jerin da aka saba gani, wani lokaci kuma hoton ya riƙa tsayawa ko ya dusashe. A mafi yawan lokuta ba lalacewar na'ura ba ce. Kamfanin ne ya gane cewa ana amfani da VPN, ya kuma rufe ƙofa da gangan saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsa da masu haƙƙin mallakar fina-finan. Don haka matakin farko na gyara shi ne tantance ko toshewa ce ta ganganci, ko tangarɗa ce a hanyar sadarwa, ko kuwa kuskure aka yi wajen gane inda mai kallon yake.

Yadda VPN ke aiki

Kowace na'ura da ta hau intanet tana fita ne da wata lamba da ake kira adireshin IP. Ana raba waɗannan lambobi rukuni-rukuni ga kamfanonin sadarwa, shi ya sa ake iya gane ƙasa, wani lokaci har da birnin da mutum yake, daga adireshinsa. VPN wata keɓantacciyar hanya ce da ke kulle bayanan da ke fita daga na'ura ta yadda wani ba zai iya karanta su a hanya ba, sannan ta kai su ga uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin VPN da ke wani gari ko wata ƙasa. Daga can ne bayanan ke ƙarasawa inda aka nufa. Shafin da aka ziyarta yana ganin adireshin uwar garken ne maimakon na mai na'urar. Mutumin da ke Kano, idan ya zaɓi uwar garke ta Landan, shafin zai ɗauka daga Ingila yake.

Ana amfani da VPN don dalilai da dama: kare bayanai a Wi-Fi na otal ko filin jirgi, shiga kwamfutocin wurin aiki daga gida, da kaiwa ga shafukan da aka rufe. A Najeriya jama'a da yawa sun fara saninta ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, dakatarwar da ta kai har 13 ga Janairun 2022.

Dalilin toshewa

Ana sayar da haƙƙin nuna fina-finai da wasanni ne ƙasa-ƙasa ko yanki-yanki. Gasar Firimiyar Ingila misali ce: Sky Sports da TNT Sports ke nuna ta a Birtaniya, NBC a Amurka, beIN Sports a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, SuperSport kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Kowanne ya biya kuɗi ne bisa sharaɗin cewa masu kallon yankinsa nasa ne. Haka abin yake ga fina-finai, shi ya sa jerin abin da Netflix ke nunawa a Najeriya ya bambanta da na Amurka ko Japan. Yarjejeniyoyin kan wajabta wa kamfanin kallo ya hana mutanen wajen yankin shiga, kuma gano masu VPN na cikin hanyoyin cika wannan sharaɗi. Dalili na biyu shi ne farashi: kuɗin rajista ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma kamfanoni ba sa son mazaunin ƙasar da ake biya da tsada ya yi rajista a inda ake biya da araha.

Tarihi

Hulu, wadda ke aiki a Amurka, ta fara toshe adiresoshin VPN a watan Afrilun 2014. Saƙonnin imel na kamfanin Sony Pictures da suka fita bayan kutsen da aka yi masa a ƙarshen 2014 sun nuna cewa kamfanin ya matsa wa Netflix lamba kan masu kallo daga ƙasashen da ba ta da lasisi a cikinsu, musamman Ostireliya, inda mutane ke kallon Netflix ta Amurka tun kafin a buɗe ta a ƙasar a watan Maris na 2015. A wannan shekarar, gidajen talabijin na New Zealand sun kai ƙarar wasu kamfanonin intanet kan wani tsari mai suna Global Mode da ke tsallake shingen ƙasa. An sasanta, aka rufe tsarin a watan Satumba. BBC ma ta tsananta toshe VPN a iPlayer a watan Oktoban 2015.

Ranar 6 ga Janairun 2016, shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya sanar a Las Vegas cewa kamfanin ya buɗe a ƙarin ƙasashe 130, har da Najeriya. Kwana takwas bayan haka kamfanin ya bayyana cewa zai fara hana masu amfani da hanyoyin ɓoye wuri. Tun daga nan ake ta kai-komo: kamfanonin VPN su samo sabbin adiresoshi, kamfanonin kallo su gano su su rufe. A Tarayyar Turai, wata doka da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2018 ta ba wanda ya biya kuɗin rajista damar kallon abin da ya saba gani a gida idan ya yi tafiya ta ɗan lokaci zuwa wata ƙasar Tarayyar.

Yadda ake gane VPN

Hanya ta farko ita ce duba mamallakin adireshi. Yawancin kwamfutocin VPN suna zaune ne a cibiyoyin adana bayanai na haya, kuma rukunin adiresoshin waɗannan cibiyoyi sananne ne. Kamfanoni irin su MaxMind, IP2Location da GeoComply suna tara jerin irin waɗannan adiresoshi suna sayarwa. Ta biyu ita ce yawan jama'a: idan ɗaruruwan asusu suka fito daga adireshi guda a lokaci ɗaya, ana zargin VPN ce.

Ta uku ita ce saɓanin bayanai. Kafin na'ura ta buɗe shafi sai ta tambayi tsarin DNS, wanda ke fassara sunan shafi zuwa lamba. Idan wannan tambaya ta bi ta kamfanin sadarwa na gida maimakon ta cikin VPN, sai adireshi ya nuna ƙasa ɗaya, DNS ya nuna wata. Ana kiran wannan yoyon DNS. Akwai kuma yoyon IPv6, inda VPN ke ɗaukar tsohon nau'in adireshi kawai ta bar sabon yana fita kai tsaye, da yoyon WebRTC, wata fasahar kiran murya da bidiyo a burauza da kan iya bayyana adireshin gaskiya. A waya, manhajar na iya duba GPS, kuma ƙasar katin banki ko ta shagon manhajoji na iya saɓa wa adireshin.

Alamomi da abin da suke nunawa

Idan saƙo ya fito yana cewa a kashe VPN, toshewa ce ta ganganci. A Netflix irin wannan saƙo na zuwa da lamba M7111-5059 ko E106. Idan manhajar ta buɗe amma jerin fina-finai ya ragu, wannan ma ganowa ce: Netflix kan nuna wa mai VPN fina-finan da take da haƙƙinsu a duk duniya kawai. Shirye-shiryenta na kai tsaye da tsarin rajista mai talla ba sa aiki a kan VPN.

Idan bidiyon na farawa amma yana tsayawa, matsalar gudu ce. Idan shafin farko ya buɗe amma bidiyo ya ƙi tashi ba tare da wani saƙo ba, ana zargin DNS ko girman ƙunshin bayanai. Idan kuwa intanet ɗin gaba ɗaya ya ɗauke, mai yiwuwa VPN ɗin ce ta yanke, wani makulli da ke cikinta ya rufe hanya don kada bayanai su fita a buɗe.

Matakan ganowa da gyara

Ana farawa da kashe VPN gaba ɗaya, a rufe manhajar kallo, a sake buɗe ta. Idan matsalar na nan, to ba daga VPN take ba. Sai a duba kuɗin rajista, ragowar data, sabunta manhaja, ko kuma ko kamfanin ne ke fama da tangarɗa. Idan ta tafi, an san inda za a nema.

Ga wanda ke amfani da VPN don tsaro kawai, mafita mafi sauƙi ita ce raba hanya. Manhajojin VPN da yawa, musamman a Android da Windows, suna ba da damar ware wasu manhajoji su fita kai tsaye yayin da sauran ke bi ta VPN. Idan babu wannan, sai a zaɓi uwar garke a cikin ƙasar da mutum yake, ko a kashe VPN lokacin kallo.

Sauya uwar garke kan yi aiki saboda toshewar tana kan adireshi ne, sai dai sabon ma ana iya rufe shi gobe. Bayan kowane sauyi ana share kukis da ma'ajiyar wucin gadi ta burauza ko ta manhaja, domin suna iya riƙe bayanin tsohon wuri. Akwai shafukan gwaji da ke nuna adireshin IP da na DNS da na'ura ke fita da su. Idan sunan kamfanin sadarwa na gida ya bayyana alhali VPN na kunne, akwai yoyo, sai a kunna kariyar yoyo a saitin manhajar.

Game da gudu, Netflix na ba da shawarar megabit 3 a daƙiƙa don hoton 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K. Ana aunawa a fast.com sau biyu, da VPN da kuma ba tare da ita ba. Nisa na da tasiri: haske na tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar fayiba, don haka zuwa da dawowa tsakanin Legas da Landan, masu nisan kusan kilomita 5,000, ba zai gaza milisakan 50 ba. Bugu da ƙari, Netflix na ajiye fina-finanta a na'urorin da ke kusa da masu kallo ta tsarin Open Connect, VPN kuma na kauce wa wannan gajeriyar hanya. Sauya ƙa'idar haɗi na iya taimakawa: WireGuard ta fi OpenVPN sauƙin nauyi a yawancin na'urori, amma OpenVPN ta mashigar TCP 443 kan wuce a inda aka toshe sauran mashigai. Ƙunshin bayanai na yau da kullum bait 1500 ne, VPN kuma na ƙara nata a kai, shi ya sa WireGuard ke amfani da 1420. Rage wannan lamba kan warware matsalar bidiyon da ke maƙalewa.

Talabijin na zamani da akwatunan kallo suna da nasu hali. Wasu ba sa karɓar manhajar VPN, Apple TV ma sai a 2023 ta fara karɓa. Wasu kuma, kamar Chromecast, suna tambayar DNS na Google kai tsaye ko da an saita wani a na'urar Wi-Fi.

Idan babu VPN amma aka toshe

Akan toshe mutum ba tare da ya kunna komai ba. Wasu manhajojin kariya daga ƙwayoyin kwamfuta da wasu burauzoji suna zuwa da VPN a cikinsu, kuma tsohon saitin da aka manta a waya ko na'urar Wi-Fi na iya ci gaba da aiki. Kamfanonin waya kan haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi guda saboda ƙarancin adiresoshin IPv4, abin da kan yi kama da VPN. Haka nan idan kamfani ya sayi rukunin adiresoshi daga wata ƙasa, jerin masu tantance wuri kan jima bai sabunta ba. A watan Agustan 2021 an sami rahotannin cewa Netflix ta toshe adiresoshin gidaje da dama, har ya shafi waɗanda ba su da VPN. A irin wannan hali ana duba wurin da fast.com ya nuna. Idan ba daidai ba ne, sai a kashe na'urar Wi-Fi a sake kunnawa, a mayar da saitin sadarwa yadda ya zo, sannan a tuntuɓi kamfanin intanet, domin shi ne ke iya sauya adireshin ko neman a gyara bayaninsa.

Doka da haɗari

Amfani da VPN halal ne a dokokin yawancin ƙasashe, amma China, Rasha da Iran sun taƙaita shi. Tsallake shingen ƙasa kuwa ya saɓa wa sharuɗɗan da mai rajista ya amince da su, kuma sharuɗɗan sun ba kamfani damar taƙaita ko rufe asusu. Kallon BBC iPlayer na buƙatar lasisin talabijin na Birtaniya tun 1 ga Satumban 2016.

Neman mafita ta VPN na kyauta na da nasa haɗarin. Wani bincike na 2016 da masana daga hukumar CSIRO ta Ostireliya da wasu jami'o'i suka yi kan manhajojin VPN 283 na Android ya gano alamun manhaja mai cutarwa a kashi 38 cikin ɗari, kashi 84 na yoyon IPv6, kashi 66 na yoyon DNS, kashi 18 kuma ba sa kulle bayanai kwata-kwata. Wasu masu bayar da VPN kyauta suna sayar da hanyar intanet ɗin mai amfani ga wasu mutane, abin da kan cinye masa data, ya kuma jefa adireshin gidansa cikin jerin waɗanda ake toshewa.