Zaiba da Zinare: Ilmin da Muka Gada, da Gargaɗin da Muka Manta



Wani tsohon ɗalibina na Islamiyya ya zo yi mini sallama, zai bar Haɗeja ya bi abokansa haƙar zinare a Zamfara. Cikin hira ya ce da zaiba ake kama zinaren, a zatonsa sabuwar dabarar Turawa ce. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Zaiba, wadda Larabawa ke kira zi'baƙ, ƙarfe ce mai gudana kamar ruwa. Idan aka cuɗa ta da niƙaƙƙen dutse, sai ta haɗiye ƙwayoyin zinare ta bar yashi. A matse curin a ƙyalle, a ɗora a wuta. Da zafi ya kai digiri 357 sai zaibar ta tafasa ta tashi, zinare ya saura.

Ya ɗan'uwa mai karatu, wannan tsohon ilmi ne. Tun ƙarni na 10 Al-Hamdani, malamin Yaman, ya bayyana shi a littafinsa kan zinare da azurfa. Sai a 1554 Bartolome de Medina ya fara tace azurfa da zaiba a Pachuca ta ƙasar Meziko. Amma magabata ba amfanin kaɗai suka rubuta ba: Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi gargaɗin cewa tururin zaiba na jawo makyarkyata da shanyewar jiki.

Zamani ya gaskata shi, har da ƙari. A 1956 aka gano wata cuta a Minamata ta Japan: masana'anta ta zubar da zaiba a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci, ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. A 2010 kuma yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gubar dalma ce ta kashe su, daga dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje, kuma a waɗannan gidajen ake ƙona zaiba. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata ta taƙaita zaiba a 2018.

Mu mutanen fadama, da ke rayuwa da kifin Kogin Haɗeja, ya kamata mu fi kowa fahimta: abin da aka zuba a sama, na ƙasa ke sha.

Ban hana ɗalibina neman halal ba. Na dai tunatar da shi cewa kiyaye rai na cikin manufofin Shari'a guda biyar. Na ce kada ya niƙa dutse inda yara suke, kada ya wanke zaiba a rafi, kada ya ƙona ta sai a rufaffiyar tukunya mai bututun da ke mayar da tururin ya koma ruwa.

Allah Ya ba mu arziki mai albarka, Ya tsare mu da cutar da bayinSa. Wassalam.