Fashin Teku: A Tudu Ake Haifarsa

Mutumin Jos da ke zaune bisa duwatsu yana iya ganin ba ruwansa da 'yan fashin teku. Amma da yawan kayan da ake kasawa a kasuwar Taminus ta tashar jiragen ruwa ta Apapa suka shigo, kuma duk kuɗin inshorar da tsoron 'yan fashi ya ƙara wa jirgi, mai saye ne ke biya.

A Janairun 1991 gwamnatin Siyad Barre ta faɗi a Somaliya, rundunar sojan ruwa ta watse, gabar teku mai tsawon fiye da kilomita 3,000 ta rasa mai tsaro. Jiragen ƙasashen waje suka riƙa kwashe kifi. Masunta suka ɗauki bindiga don kare ruwansu, da suka ɗanɗani kuɗin fansa sai abin ya zama sana'a. A Nuwamban 2008 suka kama Sirius Star, jirgin Saudiyya ɗauke da gangar mai miliyan 2.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan gida ma, a Neja Delta malalar mai ta kashe kifi da gonaki, matasa ba aiki, makamai sun yi yawa. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsageru afuwa a 2009, amma wasu suka koma satar mai da sace ma'aikatan jirgi. Cikin dare suke zuwa a kwale-kwale mai inji, su kafa dogon tsani a jikin jirgi, su kwashi mutane zuwa surƙuƙin daji. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini ne.

Da hukuma ta tashi tsaye, an ga bambanci. A Najeriya an kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019, aka ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue a 2021, kuma a shekarar wata kotu a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowanne. Hare-hare suka ragu sosai.

Jama'ar Filato, cutar da ta haifi ɗan fashin teku ita ce ta haifi mai garkuwa da mutane a dazukanmu: wurin da babu hukuma, babu aiki, babu hukunci. Mu nemi shugabanninmu su kai irin wannan himma ƙauyukanmu. Allah Ya ba mu zaman lafiya.