Daga Ƙwaryar Fura zuwa Teburin Mai Shayi: Tarihin Abincin Hanzari a Ƙasar Kurfai

Gabatarwa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomi da makiyayi, ɗan kasuwa da ɗan lakwal, babu mai iya aiki sai ya sa wani abu a bakin salati. Sai dai ba kullum ne mutum ke samun zaman jiran tukunya ba. Daga nan aka samu abincin hanzari, wato wanda ake saya a shirye, a ci a tsaye ko a kan benci, a kama gaba. Faransawa na kiransa restauration rapide, kuma da yawa sun ɗauka baƙon abu ne da ya zo daga ƙetare. Tambayar da ke yawo tsakanin malamai da iyaye ita ce: shin irin wannan abinci na iya zama tare da lafiyar jiki? Tarihin Filinge da ƙasar Kurfai na da amsar da zai bayar, domin Kurfayawa sun san abincin hanzari tun kafin motar farko ta taka Dallol Boso.

Guzurin mutanen da

Filinge na cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a jihar Tilaberi. Wuri ne da noma da kiwo suka haɗu: Kurfayawa da Zabarmawa na noman hatsi da wake, Fulani da Buzaye na da shanu da raƙuma, kasuwa kuma ita ce mahaɗarsu. A irin wannan ƙasa mutum na iya wuni a gona mai nisa, ko ya kwana biyu a hanya da jakinsa. Dole ya riƙe abin da ba ya lalacewa da wuri, ba ya kuma bukatar murhu.

Uwar wannan guzuri ita ce fura, wadda bakin Kurfai ke kira hura. Dawon hatsi ne da aka sa wa citta da kanumfari da barkono, a dama shi da nono. Bayanta akwai gumba, da tukuɗi da ake haɗawa da dabino da cuku, da ƙuli-ƙuli, da kilishi. A bakin kasuwa kuma ga masa, ga ƙosai, ga tsire da balangu, ga kwaɗon ganye da Zabarmawa ke kira kopto. Duk waɗannan sun cika sharuɗɗan abincin hanzari: a shirye suke, kuɗinsu kaɗan ne, ba a bukatar cokali ko tabarma.

Masana abinci na yau sun bayyana abin da kakanni suka gano da gwaji. Furotin ɗin hatsi na da ƙarancin wani sinadari mai suna lizin, nono da wake kuwa suna da shi da yawa. Saboda haka fura da nono, ko kunu da ƙosai, kowane na cike giɓin ɗan'uwansa. Hatsi na ɗauke da sinadarin ƙarfe da jini ke bukata, ganyen zogale na ba da bitamin A, tsamin nono kuma na rage saurin lalacewarsa a zafin Sahel.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Fura mai sauri ce ga mai sha, amma ba ga mai yi ba. Kafin dawo ya iso kasuwa, mace ta yi sussuka, ta yi sheƙa, ta yi surfe, ta wanke, ta daka, ta cura, ta dafa, ta kirɓa. Hanzarin da matafiyi ya samu, guminta ne ya biya shi. Duk wanda ya manta da turmi da taɓarya ba zai gane dalilin da ya sa baƙon abinci ya samu shiga daga baya ba.

Zamanin Nasara: haraji, tafiya da yunwa

A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka kafa mulkinsu a Filinge. Haraji na kuɗi da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, sun raba maza da gonaki da tukwanen gidajensu. Samari suka riƙa zuwa bida, wasu Kano da Sakkwato, wasu har Kumasi da Akara a Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau. Ɗan bida ba ya da mata kusa, ba ya da rumbu. Cikinsa na hannun masu tuwon sayarwa. A can ya saba da garin rogo da burodi da shayi mai sukari, ya kuma dawo gida da wannan sabo kamar yadda ya dawo da yadi da akwati.

Yunwa ma ta taka rawarta. A 1931, bayan fari da ɓarnar fara, yammacin Nijar ya faɗa cikin babbar yunwa, kuma ba a ɗaga wa talakawa haraji a kan lokaci ba. Masana tarihi irin su Finn Fuglestad da André Salifou sun yi nazarin wannan shekara, Boureima Alpha Gado kuma ya tattara tarihin yunwoyin Sahel a littafinsa na 1993. A irin waɗannan shekaru mutane kan koma ga ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Babu abincin da ya kai na yunwa cin lokaci.

A ƙarancin abincin farkon shekarun 1950 ne garin rogo daga kudu ya zama maceci, har Zabarmawa suka raɗa wa lokacin sunan shekarar gari. Ba ya son wuta, ba ya son daka. Ruwa kaɗan ya isa. Ya shigo a matsayin maganin yunwa, ya zauna a matsayin abincin kullum na marar hali. Amma rogo kusan sitaci ne zalla, furotin ɗinsa bai kai ko kusa da na hatsi ba. A nan ne karon farko sauri ya rabu da gina jiki.

Zamanin bai zo da asara kaɗai ba. Tashar binciken kiwo ta Tukunus, arewa da Filinge, wadda ke wurin tun 1954, ta shahara wajen kyautata irin shanun Azawak masu yawan nono. Sunan Tukunus ya bi cuku har Yamai: busasshen nono mai daɗewa, wanda ake kai wa baƙo tsaraba.

Bayan ƴancin kai: buhun taimako da teburin mai shayi

Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ba adadi, ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Na 1984 ya maimaita ɓarnar. Da shanu suka ragu, nono ya yi tsada, fura ta koma farau-farau a gidaje da yawa. Buhunan taimako suka kawo alkama da masara da shinkafa da garin madara, harshe kuma ya saba da su. Shinkafa da taliya na dahuwa ba tare da an taɓa taɓarya ba. Ga matar da ke tafiya nesa neman ruwa da itace, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Tashar mota ta haifi nata ɗakin cin abinci. Mai shayi ya kafa tebur da benci, ga gwangwanin madara, ga Nescafé da Lipton, ga burodi da ake shafa wa bota ko mayonez, ga wainar ƙwai. Dunƙulen Maggi, wanda kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwis ya fara fitarwa a 1908, ya shiga tukunya yana ture daddawa. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta ninka kuɗin kayan waje, gidaje da yawa a birane suka rage girki, kowa ya riƙi ƴan dalolinsa ya nufi mai sayarwa. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin taliyar Indomie a Najeriya, ba da jimawa ba ta bi ƴan kasuwa ta tsallako iyaka. Lemon kwalba da ruwan zaƙi na leda suka cika sauran gurbin.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Abincin hanzari na masana'anta ɗan Amurka ne. A 1921 aka buɗe White Castle a garin Wichita, a 1948 kuma ƴan'uwa biyu masu suna McDonald suka tsara girkinsu a Kalifoniya kamar layin ƙera mota, kowane ma'aikaci da motsi ɗaya. Turai ba ta karɓa baki alaikum ba. A 1986 buɗe shagon McDonald's a tsakiyar birnin Rum ya tayar da ƙura, daga nan Carlo Petrini da abokansa suka kafa ƙungiyar Slow Food mai kare girkin gargajiya. A 1999 José Bové da wasu manoma suka wargaza wani shagon kamfanin da ake ginawa a Millau ta Faransa. A ɗaya gefen, ƙosai da bayi suka tsallaka teku da shi ya zama acarajé a Bahiya ta Barazil, inda hukuma ta sa sana'ar matan da ke soya shi cikin kayan gadon ƙasa. Abin da wasu ke rainawa a bakin kasuwa, wasu sun ɗaga shi sama.

A ɗora su kan sikeli

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni bayyananne ga baligi: gishiri kada ya kai giram 5 a yini, sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke bayarwa, ganye da ƴaƴan itace kuwa aƙalla giram 400. Da wannan sikeli, farin burodi da mayonez da shayi mai madarar gwangwani sun yi nauyi wajen sukari da mai, sun yi sakayau wajen ganye. Ƙunshin yajin taliyar leda da dunƙulen miya cike suke da gishiri, yawan gishiri kuwa na jawo hawan jini. Wanda ya ci su sau ɗaya a hanya bai yi wa kansa illa ba. Wanda ya mayar da su kalaci da abincin dare shekara da shekaru, shi ne ke cikin haɗari.

Adalci ya hana a wanke abincin gargajiya tas. Fura da aka dama da ruwa marar tsabta na kawo gudawa, ɗanyen nono da ba a tafasa ba na iya ɗaukar cutar dabba zuwa mutum. Man ƙosai da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi ba ya da alheri, gyaɗar da ta yi fumfuna na sa guba a ƙuli-ƙuli, kuma fura da aka cika wa sukari ta kama hanyar lemon kwalba. Baƙon abinci ma na da nasa amfani: ƙwan mai shayi furotin ne mai kyau, gishiri mai iyod kuma na kare mutum daga maƙoƙo.

Wanda abin ya fi shafa shi ne yaron da ya baro ƙauye, daga Shikal ko wani gari na Kurfai, ya zo koleji ko lise a Filinge, yana zaune gidan mai masauki da ɗan canjin da bai taka kara ya karya ba. Da kuɗi ɗaya yana iya sayen gari da sukari, ko ƙosai da kunu. Na farko zai cika ciki ya bar jini ba ƙarfi, na biyu zai riƙe shi har a tashi. Yarinyar da ta fara girma ta fi kowa bukatar sinadarin ƙarfe, kuma ƙarancin jini na rage natsuwa a aji. Rashin tsaro da ya addabi arewacin Tilaberi, wanda ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da wasu yankuna a 2017, ya ƙara tsananta lamarin, domin duk abin da ya taɓa makiyayi da kasuwa ya taɓa ƙwaryar nono.

Kammalawa

Tarihin Kurfai ya nuna cewa hanzari ba shi ne abokin gaban lafiya ba. Abin dubawa uku ne: me ke cikin ƙwaryar, sau nawa ake cin sa, kuma me ya ture kafin ya zauna. Abincin hanzari da ya haɗa hatsi da wake ko nono da ganye na da gurbi a rayuwa mai lafiya. Wanda ya tsaya ga fulawa da sukari da mai da gishiri, baƙo ne da ya kamata ya kwana ɗaya ya wuce.

Ba a cewa mata su koma ga taɓarya don a ceci fura. Injin niƙa da na surfe sun ɗauke rabin wahalar, ƙungiyoyin mata a birane kuma na sayar da busasshen garin fura da na dambu a leda. A 2018 aka fitar da irin hatsi mai suna Chakti a Nijar, mai yawan sinadarin ƙarfe, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 2023 a matsayin shekarar hatsi da danginsa. Saura aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu. Malamin Hausa na iya sa ɗalibai su tattaro sunayen guzurin da daga bakin tsofaffi, malamin kimiyya ya bayyana abin da kowane ke yi wa jiki, kwamitin iyaye kuma ya zauna da matan da ke sayar da abinci a ƙofar lakwal kan ruwa mai tsabta da sabon mai da rufe kwano. Ƙungiyar da ta shirya taro kan al'adun gargajiya, ya dace ta tarbi baƙinta da fura da cuku kafin ta buɗe akwatin lemo.