Haskaka Madannan Ƙananan Na'urorin Lantarki: Kwatancen Hanyoyi Uku

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyi uku na haskaka madannan wayar hannu da makamantanta: jera fitilun LED a ƙarƙashin madannai, shimfiɗa falle mai haskakawa da kansa, da amfani da falle mai kai haske. An auna su da ma'aunai uku, wato kauri da cin batir da daidaiton haske. Nazarin ya nuna cewa ci gaban fannin ya fi ta'allaƙa da dabarar rarraba haske fiye da ƙarfin fitila.

Muhimman kalmomi: madannai, LED, fosfo, falle mai kai haske, batir.

1.0 Gabatarwa

Duk da yaɗuwar wayoyin shafa, madannai na nan daram a ƙananan wayoyi da na'urorin POS da rimot da kwamfutar tafi-da-gidanka. A Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar, inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, mai POS da ke aiki bayan magariba yana dogara ne da hasken madannai wajen shigar da adadin kuɗi daidai. Tambayar da maƙalar ke neman amsawa ita ce: ta yaya za a haskaka madanni goma sha biyu ko fiye, kowanne daidai da ɗan'uwansa, ba tare da na'ura ta yi kauri ko batir ya zube ba?

2.0 Jera fitilun LED

A 1962 Nick Holonyak ya samar da LED mai jan haske a kamfanin General Electric na Amurka. Wayoyin farkon ƙarnin nan, irin su Nokia 3310 ta shekarar 2000, sun yi amfani da koren LED. Dalilin a fili yake: koren LED na wancan zamani yana kamawa da kusan bolt 2, batirin wayar kuwa yana ba da bolt 3.6, don haka ƙaramin rizisto ya isa ya daidaita wutar.

Lamarin ya sauya daga baya, albarkacin shuɗin LED mai ƙarfi da Shuji Nakamura ya fitar a kamfanin Nichia na Japan a 1993, aikin da ya ba shi kyautar Nobel ta 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Daga shuɗin ne aka samu fari, ta hanyar lulluɓe shi da garin fosfo mai ba da ruwan ɗorawa. Sai dai shuɗi da fari suna neman sama da bolt 3, kusa da abin da batirin litiyam ke bayarwa. Da batir ya fara sauka sai haske ya dusashe, in ba a saka wata 'yar da'ira mai ɗaga wuta ba.

Babban raunin wannan hanya shi ne rashin daidaito. Madannin da ke kan fitila yakan yi ƙyalli, na nesa da ita ya yi duhu-duhu. Maganin shi ne ƙara yawan fitilu, kowace kuwa da nata cin wutar. A misali, fitilu 8 masu jan miliamfiya 5 kowace sun kama miliamfiya 40, wato kusan kashi 5 cikin ɗari na batir mai miliamfiya-awa 850 a awa guda.

3.0 Falle mai haskakawa da kansa

Tushen wannan hanya shi ne binciken Georges Destriau a Faransa a 1936, inda ya ga garin zinki salfaid yana haske idan an sa shi cikin wutar lantarki mai kai-da-komo. Akan matse garin tsakanin shimfiɗa biyu masu ɗaukar wuta, ta sama mai nuna abin da ke bayanta. Duk faɗin fallen ne ke haskakawa, saboda haka babu madannin da ya fi wani. Kamfanin Timex ya saka shi a agogunan Indiglo a 1992, Motorola kuma a wayar RAZR V3 ta 2004, wadda kaurinta ya kusa milimita 14.

Tsadarsa tana ɓangaren wuta. Fallen yana buƙatar kusan bolt 100 mai juyawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, don haka dole a haɗa shi da ƙaramar inbata, wadda ke cin wuri kuma takan yi siririyar ƙara. Bugu da ƙari, hasken garin yana raguwa da yawan aiki, laima da zafi kuma suna hanzarta tsufansa.

4.0 Falle mai kai haske

Nan ne aka raba aikin gida biyu: fitila ta samar da haske, falle ya kai shi inda ake so. Fallen roba ne garai-garai, kaurinsa bai wuce 'yan ɓangarorin milimita ba, ana shimfiɗa shi a kan ƙananan ƙwaryoyin ƙarfe masu yin ƙas idan an danna. LED ɗaya ko biyu masu haskawa ta gefe su ne ke tura haske cikin bakin fallen.

Hasken ba ya fita, domin robar ta fi iska lanƙwasa shi. A robar folikabonet, mai ma'aunin lanƙwasawa kusan 1.58, duk hasken da ya doki bangon fallen da kusurwar da ta haura digiri 39 yakan koma ciki, ya ci gaba da tafiya. A ƙarƙashin kowane madanni akan buga ƙananan ɗigo da ke watsa hasken sama, ya fito ta lambar da aka kankare da leza a jikin fenti. Gwanintar tana wajen lissafin ɗigon: kusa da fitila a yi su jefi-jefi, can nesa a cunkusa su, domin hasken da ya isa nesa ya riga ya ragu. Ta haka madannin ƙarshe ke yin daidai da na farko.

Raunin fallen ya fito ne daga ƙarfinsa. Tunda iskar da ke gefensa ce ke tsare hasken, duk abin da ya manne masa, gam ne ko maiƙon yatsa ko ƙura, yakan zama ƙofar da haske ke tsiyaya. Wannan ya shafi masu gyaran waya kai tsaye, musamman a lokacin hunturu.

5.0 Sarrafa lokacin kunnawa

Kowace hanya aka bi, ana iya rage cin batir ta kashe fitila bayan 'yan daƙiƙu, ko kunna ta da kashe ta da saurin da ido ba ya gani. A 2003 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar PowerBook G4 mai inci 17, wadda ke auna hasken ɗaki kafin ta kunna fitilar madannai.

6.0 Kammalawa

Jera fitilu ya fi sauƙin ƙira amma ya gaza wajen daidaito. Falle mai haskakawa da kansa ya yi fice a daidaito, sai dai inbata da saurin tsufa sun rage masa daraja. Falle mai kai haske ya cika ma'aunan uku gwargwado, muddin an rufe shi da kyau. Maƙalar tana ba da shawarar a gwada yadda ƙura da zafin Sahel ke rage hasken irin wannan falle cikin shekarun amfani, domin sakamakon zai taimaka wa masu ƙera na'urorin da ake sayarwa a yankin.