Iskar da Ke Ɗaukar Kaya: Tarihin Tayar Akori-kura

Da za a tambayi mutanen tasha mene ne ke ɗauke da nauyin akori-kura sa'ad da aka jibga mata buhunan gero har suka haye saman kan direba, la'alla akasarinsu za su nuna ƙarfen shasi, ko sifirin, ko kuwa kaurin robar taya, alhali abin da ke riƙe da wannan lodi duka, tun daga kasuwar Dawanau har zuwa Maraɗi, iska ce kawai wadda aka kulle a cikin roba aka hana ta fita. Roba da zare da wayar da ke cikin taya mazubi ne. Aikin ɗauka na iska ne. Saboda haka tarihin taya, in an bi shi da natsuwa, galibinsa tarihin mas'ala guda ce wadda masu hikima suka shafe fiye da ƙarni suna jujjuyawa, wato nawa ne gwargwadon iskar da ya kamata, a kan wace irin ƙasa, kuma a ƙarƙashin wane irin nauyi.

Asalin roba ƙaro ne na wata bishiya da ke dazuzzukan Amazon a Kudancin Amurka, kuma Turawa sun daɗe da saninta ba tare da sun sami wata fa'ida mai yawa a cikinta ba, domin da zafi takan yi danƙo ta yi wari, da sanyi kuma ta sandare ta tsage. Wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear shi ne ya gano, a shekarar 1839, cewa in an gauraya ta da farar wuta, wato kibritu, aka gasa, sai ta daidaita ta daina sauya hali da sauyin yanayi. Bawan Allahn nan ya mutu a 1860 da bashi a wuyansa, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunansa ba a kafa shi ba sai a 1898, ta hannun wasu mutane dabam.

Dabarar cika roba da iska kuwa sau biyu aka ƙago ta. Robert Thomson, mutumin Sikotilan, ya yi rajistarta a 1845 domin kekunan doki, amma zamaninsa bai shirya mata ba, sai aka manta. Bayan shekara arba'in da ɗoriya wani likitan dabbobi a birnin Belfast, John Dunlop, ya sake gano ta yana neman sauƙaƙa wa ɗansa gargadar hanya a kan kekensa mai ƙafa uku, ya yi rajista a 1888. Sa'an nan 'yan'uwa biyu a Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa a gyara a mayar, kuma a 1895 suka sa wa mota irin wannan taya suka shiga tseren Faris zuwa Bordeaux da komowa, suna tafe tana fashewa suna faci har suka kai. Ba zai kyautu a wuce wannan zamani ba tare da ambaton cewa kwaɗayin roba ya jawo wa mutanen Kwango azaba mai tsanani a ƙarƙashin Sarki Leopold na Beljiyam, kuma a 1926 kamfanin Firestone ya karɓi hayar eka miliyan guda a Laberiya na tsawon shekara 99. Afirka ta biya farashin taya tun kafin ta more ta.

Tayoyin farko sirara ne, masu tauri, ana dura musu iska mai yawa ƙwarai, kuma saboda haka da zarar sun sauka daga ƙasa mai ƙarfi suka shiga rairayi sai su yanka shi su nutse. Wannan ne sababin da ya sa, lokacin da kamfanin Citroën ya yi azamar ƙetare Sahara da mota, bai amince wa taya ba a ƙafafun baya, sai ya ɗaura wa motocinsa biyar wata ɗamarar roba mai kewayawa. Suka tashi daga Touggourt ta Aljeriya a watan Disamba na 1922, suka shiga Tumbuktu a farkon Janairu na 1923. Ayari na biyu na wannan kamfani, wanda ya tashi a 1924, ya ratsa ta Yamai da Damagaram a kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Cadi. A zaton masana da yawa na wancan lokaci, taya da rairayi ba za su taɓa jituwa ba.

Wanda sunansa ya fi shahara wajen rushe wannan zato shi ne Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila da ke zaune a Masar, wanda shi da abokansa suka riƙa kutsawa cikin hamadar Libiya da ƙananan motocin Ford na gama-gari daga ƙarshen shekarun 1920, suka hau tuddan rairayin da ake cewa mota ba ta hawa. Daga cikin abin da tajriba ta koya musu har da wannan: in ka sace iskar taya har ta kwanta, sawunta a ƙasa yakan yi tsawo, nauyin motar ya rarrabu a kan fili mai yawa, sai ta bi ta kan rairayin maimakon ta haƙa wa kanta rami. Da wannan ilmi Bagnold ya kafa rundunar sintirin hamada ta Ingila a 1940, kuma a cikin Yaƙin Duniya na Biyu ne Amurkawa suka ƙera motar soja mai shiga ruwa wadda direbanta ke iya ƙara iska ko rage ta daga mazauninsa, gwargwadon ƙasar da ya taka.

Sai dai fa wannan rage iska hukuncinsa irin na ƙasaru ne ga matafiyi, rangwame ne da larura ta kawo, yana da sharaɗi yana da iyaka, kuma da zarar an shigo gari sai a cika. Direban da ya sauke tayarsa zuwa 18 ko 15 a geji domin ya ƙetare rairayi, wajibi ne ya tafi a hankali, kada ya karya kan mota da gaggawa don kada bakin tayar ya saɓule daga wili, kuma wajibi ne ya tsaya ya mayar da iskarsa kafin ya hau kwalta. Dalili kuwa shi ne, duk juyi guda da taya ta yi, gefenta yakan lanƙwashe ya miƙe, kuma wannan lanƙwasa tana haifar da zafi a cikin naman robar. In iska ta yi ƙaranci lanƙwasar takan yi yawa, in aka haɗa da gudu da lodi da zafin kwalta na watan Afrilu sai zafin ya kai inda haɗin da ke tsakanin roba da waya zai saki. Daga nan ne ake jin taya ta yi bindiga, ko a ga bayanta ya ɓare ya yi fatali a kan titi.

A 1946 kamfanin Michelin ya yi rajistar sabon tsarin saƙar taya, inda zaren jikinta ke tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, aka kuma ɗaure bayanta da ɗamarar waya, wanda ya sa gefe ya yi laushi, fuska ta zauna daram a ƙasa, zafi ya ragu, rayuwar taya ta ƙaru matuƙa. Ba da jimawa ba tayar da ba ta bukatar tub ta fito daga kamfanin B.F. Goodrich na Amurka, kuma wannan kamfani ne a 1976 ya fitar da tayar da aka yi wa wannan sabuwar saƙa domin ta yi aiki a kwalta da daji baki ɗaya. Irin wannan taya ta kowace hanya sulhu ce aka ƙulla tsakanin bukatu biyu masu saɓani: an yi mata manyan haƙora da ramuka masu faɗi don ta kama burji da laka, an ƙarfafa gefenta don ƙaya da dutse, amma a kan kwalta ta fi tayar gari nauyi da ƙugi da shan mai, kuma haƙoran nan sukan ci ba daidai ba in ba a riƙa sauya wa tayoyin mazauni ba bayan kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000.

A ƙasarmu jirgin ƙasa ne ya fara isowa Kano a 1911, kuma manyan motoci suka biyo baya suna kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa bakin dogo. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ta yi ƙarfi daga baya: Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948, ta zama motar jami'an gona da na lafiya da na En'e, Peugeot ta buɗe masana'anta a Kaduna a 1975, kuma akori-kurarta samfurin 404 da 504 ta mamaye kasuwannin ƙauye, sa'an nan Toyota Hilux, wadda ta fito a Japan a 1968, ita ce ta gaje su duka. A farkon shekarun mulkin kai aka kafa masana'antun taya biyu, na Michelin a Fatakwal da na Dunlop a Ikeja. Tare da su sana'ar faci ta bazu a kowace mararraba, mai faci yana zaune a gindin bishiya da injin iska da bahon ruwan da yake tsoma tub don ya ga inda kumfa ke fita, kuma ragowar sana'arsa ba ta zuwa juji, domin da tsohon tub ake ɗinka guga, da tsohuwar taya ake yanka takalmi.

Abin da taya mai kwanciya ke iyawa a hamada duniya ta gan shi a Cadi a 1987, sa'ad da sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous, suka hau akori-kurar Toyota suka fatattaki rundunar Libiya mai tankoki a Fada cikin watan Janairu, sa'an nan a Wadi Dum cikin Maris, har aka laƙaba wa yaƙin sunan motar. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku, a cikin Tenere inda ayarin gishirin Bilma ya saba ratsawa da raƙuma, su ma da wannan ilmi suke rayuwa, suna lissafin iska da kilo bisa al'adar ƙasashen Faransanci, kuma ba mai fita ba tare da famfo da shebur da safaya fiye da ɗaya ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan illar ƙarancin iska kuwa daga Amurka ta zo, ƙasar da akori-kura ta zama motar gida. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 samfurin ATX da Wilderness AT, tayoyin kowace hanya waɗanda akasari aka sa wa Ford Explorer da wasu akori-kurar Ford, bayan da bayansu ya riƙa ɓarewa a cikin gudu motoci suna kifewa, aka danganta mutuwar fiye da mutum 200 da lamarin. An sami aibi a ƙirar tayar da kuma a masana'antar Decatur da ta yi da yawa daga cikinsu, amma a tsakiyar jayayyar kamfanonin biyu akwai lambar iska a geji: Ford ya rubuta wa masu mota 26, Firestone ya ce 30 ya fi dacewa. Abin lura a gare mu shi ne haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi, kuma tun kafin nan an ga irinsu a Saudiyya da Benezuwela. A wannan shekara majalisar Amurka ta yi doka wadda ta kai ga tilasta sa wa sababbin motoci na'urar da ke gargaɗin direba in iska ta ragu.

A tashoshinmu kuskuren da ya fi yawa kishiyar wannan ne. Mai faci yakan dura iska har sai taya ta yi tauri, ya buga ta da ƙarfe ya saurari amo, direba kuma ya ce masa, "Malam, ƙara mata, lodi zan ɗauka," sa'an nan motar ta sauke kaya ta komo fanko da wannan iska. Lambar da ke rubuce a gefen taya, wadda a tayoyin akori-kura masu kauri takan kai 50 ko 65 ko 80, iyaka ce ta ƙarshe ga cikakken lodi. Ƙa'idar motar tana kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Taya ba ta ɓoye zaluncin da aka yi mata: wadda iska ta yi wa yawa tsakiyarta ke suɗewa ta bar gefe, wadda ta yi wa kaɗan kafaɗunta biyu ke cinyewa, wadda ta ci gefe guda kuwa ƙarar saitin ƙafa take kaiwa. Ni a ganina mafi munin al'ada ita ce ta direban da ya tsaya tsakar rana ya taɓa taya ya ji zafi, sai ya sace mata iska da nufin tausaya mata, alhali ƙarin da geji ya nuna na zafi ne wanda zai sauka da kansa, shi kuwa ya ƙara mata lanƙwasar da ta haifar da zafin tun farko.

Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008, suna kuka da tsadar wuta da kwararowar kayan waje, kuma tun daga nan kasuwa ta koma hannun tayoyin Asiya da na gwanjo waɗanda suka gama wa'adinsu a Turai. Ga mai sayen gwanjo zurfin zane kaɗai ba ya isa shaida, ko da ya ɗara milimita 1.6 da dokokin ƙasashe da yawa suka ajiye a matsayin iyaka, domin roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, rana kuma tana gaggauta mata. Tun daga shekarar 2000 ana buga ranar haihuwar kowace taya a gefenta da lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na 2019. Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya ga masani kowace shekara in ta cika biyar, a kuma sauke ta in ta kai goma, har da safayar da ke rataye a ƙarƙashin bodi wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba.