Motar MGB Mai Batir Biyu: Me Ya Sa Take Nawa Wajen Tashi?

Ka san motar MGB? A garin Abingdon na Ingila aka riƙa ƙera ta, daga 1962 zuwa 1980. Har zuwa 1974, batir biyu masu volt 6 ake saka mata a bayan kujeru, a haɗa su su ba da 12. Injin kuwa yana gaba, wuta sai ta bi dogon kebul kafin ta isa sitata, ga ruwa da laka suna cin kawunan batiran. Shi ya sa in ka murɗa makulli injin na juyawa da ƙyar, sau tari tsatsa ce a mahaɗa, kamar dai datti a bakin cajin wayarka. Kar ka yi saurin sayen sabon batir, tukuna. Sa mita ana kunnawa: in bai sauka ƙasa da volt 9.6 ba, kankare mahaɗan, musamman kebul ɗin da aka ɗaure a jikin motar.