Rage Shekarun Kaɗa Ƙuri'a Zuwa 16: Asalin Batun Da Matsayin Doka

Shekarun kaɗa ƙuri'a su ne mafi ƙarancin shekarun da doka ta gindaya kafin ɗan ƙasa ya samu damar yin zaɓe. A yawancin ƙasashen duniya, har da Nijeriya, shekara 18 ce iyakar, sai dai wasu ƙasashe sun saukar da ita zuwa 16.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, shekara 21 ce aka fi amfani da ita. Birtaniya ta rage zuwa 18 a 1969, Amurka ta bi sahu a 1971 ta hanyar gyara na 26 ga kundin tsarin mulkinta. A lokacin ana yaƙin Biyetnam, inda ake tilasta wa 'yan shekara 18 shiga soja alhali akasarinsu ba su da ikon zaɓen shugabannin da suka tura su fagen daga. Japan kuwa sai a 2015 ta sauko daga 20 zuwa 18.

Kundin tsarin mulkin Barazil na 1988 ya bai wa 'yan shekara 16 da 17 damar yin zaɓe bisa son ransu, ya kuma wajabta shi ga masu shekara 18 zuwa 70. A 2007 Ostiriya ta zama ta farko a Tarayyar Turai da ta amince da shekara 16 a dukkan zaɓuɓɓukan ƙasa. Ajantina ta yi hakan a 2012, Malta a 2018. 'Yan shekara 16 sun jefa ƙuri'a a zaɓen raba gardama na 'yancin Sikotlan a 2014, haka ma a Jamus da Beljiyam yayin zaɓen Majalisar Turai na 2024. A watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da aniyarta ta yin wannan sauyi.

Masu goyon baya na cewa matashin da doka ta yarda ya yi aiki har ya biya haraji ya cancanci a ji ta bakinsa, tunda manufofin ilimi da bashin da gwamnati ke ciwowa shi za su fi daɗewa suna shafa. Suna kuma ganin wanda ya fara zaɓe yana gida da makaranta ya fi saurin mayar da shi ɗabi'a. Masu adawa kuwa na ganin hankalin ɗan shekara 16 bai gama nuna ba, kuma iyaye ko malamai ko 'yan siyasa na iya juya ra'ayinsa cikin sauƙi.

A Nijeriya, sashe na 77 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 ne ke da haƙƙin yin rajistar zaɓe. Saboda haka rage shekarun na buƙatar gyaran kundin, da amincewar kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya da kuma majalisun dokokin jihohi aƙalla 24.

Gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 31 ga Mayun 2018 ya shafi shekarun tsayawa takara ne kaɗai. Ya rage na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, bai taɓa shekarun masu zaɓe ba.